Ranar Da Ƙwaryar Inna Ta Bar Bango

Ana saukowa daga masallacin Juma'a labari ya cika unguwar Zango cewa an sace zanen hoton wata ƙwarya daga zauren ƙungiyar masu sana'ar hannu. Kafin labarin ya iso gidan Tani, har an riga an liƙa masa sunan mijinta. Maƙwabciya ce ta leƙo ta kan katanga ta faɗa mata, muryar ta jaje, idanun na jin daɗi. Salisu ne mai gadin zauren, mabuɗi a aljihunsa yake kwana, kuma ba a fasa ƙofa ba.

Tani ta tsame hannu daga wanke-wanke, ta goya 'yarta Ramatu, ta tamke majanyi ta fita.

Dama zanen nan ya tsaya mata a rai. Kwana shida ke nan Salisu ba shi da zance sai nasa. Wai wata Rahama 'yar unguwar Birni, wadda ta yi karatun zane a Yamai, ta zana tsohuwar ƙwaryar marigayiya mahaifiyarta. Wai in ka tsaya daga bakin ƙofa sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka kurɓi sauran furar da ke ciki. Tani da ke dama masa fura ta gaskiya a ƙwarya ta gaskiya kullum rana ta Allah ba ta taɓa samun rabin wannan yabo ba. Da ya ce ta zo ta gani, ce masa ta yi tana da ƙorai a gida.

* * *

Ta tarar da mutane cunkushe a ƙofar zauren duk da zafin bazara. Salisu na zaune a benci, hula a hannu, kai a ƙasa. Mushe Idirisu, tsohon malamin lekol, makarantar bokon Faransanci inda ake ce wa malami Mushe, wanda ke shugabancin ƙungiyar, yana tsaye a kansa yana bayani wa jama'a. Salisu ya amsa cewa bai kulle ba. Kwaɗon yana cijewa, an kusa tayar da salla, sai ya jawo ƙofar kawai ya ruga. Mushe ya ce ya ba shi zuwa magariba, in zane bai fito ba su haɗu a komisariya gaban 'yan sanda.

Tani na ratsa taron ta ji wata mata ta shafa ƙafar goyonta tana cewa da ta kusa da ita, Allah sarki, 'yar ɓarawon ke nan. Ba ta waiwaya ba. Ta san irin wannan suna. In ya kama yarinya tana goye, da shi za ta shiga lekol, da shi za a zo neman aurenta.

Ta durƙusa ta gaida Mushe, ta roƙi a bar ta ta duba ƙasan zauren. Ta ce ita 'yar Mai Nasara ce na Gouna, wanda ake aikawa a kira in an kore shanu. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ita ce ta taso tana bin bayansa da gorar ruwa, tun tana kallo har ta iya.

"Madam," in ji Mushe, "tablo ne ya ɓata, ba saniya ba."

"Wanda ya ɗauke shi dai da ƙafa ya zo, Mushe."

Aka yi dariya, shi kuma ya buɗe mata.

Ƙasan zauren rairayi ne, kuma Salisu ya share shi kafin ya tafi masallaci, layin tsintsiya na nan kwance. An ɗaura igiya taki uku daga bango don kada masu kallo su matsa. Tani ta tsuguna ta karkata kai yadda haske zai zo mata a kaikaice. Ga sawun Salisu, ta san shi ko a mafarki. Ga ƙafa-cikin Mushe. Babu na huɗu, sai na uku: silifan mace, ɗayan da ƙusa a ƙarƙashi inda aka ɗaure igiyarsa da ta tsinke.

Sawun ya shigo daga ƙofa ya miƙe sak, bai tsaya a bakin igiya ba kamar yadda kowa ke yi. Ya tsallake ta ya je ya tsaya gab da bango, ya daɗe a nan, har dugadugai sun nutse. Da zai fita kuma tafiyar ta canza. Taki ya gajarce, ya daidaita, babu gudu babu waige.

Ta miƙe ta ce mace ce, kuma a ka ta ɗauke shi, irin ɗaukar da ake wa ƙwarya cike da nono. Ɓarawo ba ya lallaɓa kaya haka.

Sai taron ya juya nan take. Waɗanda ɗazu suke rantsuwa Salisu ne suka ce ai dama sun sani, Abdul'aziz mai zanen alluna ne ya turo matarsa. Kowa ya ji shi yana cewa zanen Rahama ba zane ba ne, ɓarin fenti ne.

* * *

Sawun ya bi lungu ya fito bakin kwalta ya ɓace, daidai gaban rumfar Abdul'aziz. Tani ta same shi yana zana kan mutum a allon wani mai aski, gashi ɗaya bayan ɗaya. Ya ji abin da ya kawo ta bai ko ajiye burushi ba. Ya ce matarsa na Hamdara wajen suna tun Talata, duk mai shakka ga hanya nan.

Ta tambaye shi ko gaskiya ne ya kushe zanen. Ya ce ya kushe, kuma zai ƙara. Shekara ashirin yana zana kawuna da kaji da injin niƙa a garin nan, kowane layi a miƙe, ba a taɓa ɗaura igiya a gaban aikinsa ba. Yarinya ta zo ta dangwala fenti nan da can, ko bakin ƙwaryar ba ta rufe da layi ba, an taru ana salati.

"To sau nawa ka je kallonsa, Malam?"

Ya ce sau huɗu. Ya ajiye burushin.

Ya ce in ka matsa kusa ba ka ganin komai sai dabbare-dabbare, rawaya kan toka-toka, kore kan ruwan ƙasa, kamar bangon da yara suka shafa wa hannu. Ka ja da baya taki uku sai ƙwarya ta tashi ta zauna a kan tabarma. Ga ɗinkin da aka yi mata inda ta tsage, ga ludayi ya jingina, ga hantsi ya shigo ta taga ya kwanta a gefenta, har kana jin sanyin ɗakin.

"Inuwar ƙwaryar shuɗiya ta yi ta," in ji shi. "Wa ya taɓa ganin shuɗiyar inuwa? Na koma gida na zauna ina kallon inuwar butata da hantsi. Wallahi shuɗiya ce. Shekara arba'in ina alwala da buta ban gani ba, sai da 'yar cikina ta nuna mini. Ban yafe mata ba."

Tani ta ji wani abu ya soke ta, don kusan kalmomin Salisu ke nan, sai dai shi Salisu da murmushi yake faɗa. Za ta tafi Abdul'aziz ya ƙara da cewa duk wanda ya ɗauka ya yi ta addu'a kada ruwa ya taɓa shi. Fentin ruwa ta yi amfani da shi, ba na mai irin nasa ba, ɗigo ɗaya ya isa ya tafi da launi.

A tsallaken kwalta wata tsohuwa na sayar da ƙuli-ƙuli. Ta ce lokacin salla hanya ta yi tsit, mace ɗaya ta gani ta wuce da faffaɗan tire a ka, an rufe da zane. Ta ɗauka abincin sadakar Juma'a ne. Fuska ba ta gani ba, amma Birni ta nufa.

* * *

Duk tsawon hanyar Birni Tani na ɗinka zance a ranta. Rahama ce ta ɗauke abinta da kanta, don a yi ta maganarta, sunanta ya ƙara tashi, talaka kuma ya kwana a komisariya. Zancen ya yi mata daɗi har ta ƙara sauri. Ramatu ta farka ta soma ƙananan kuka, ta tsaya a inuwar wani dutse ta ba ta nono, sannan ta ci gaba.

Gidan tsoho ne na ƙasa, a ƙarshen wani siririn lungu. Wadda ta amsa sallama doguwa ce mai kimanin shekara arba'in, ta ce ita ce Zuwaira, yayar Rahama. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa a kofin silba mai walƙiya, ta karɓi Ramatu ta goge mata gumi da gefen mayafi. Tani ta dubi tsakar gidan ta ji ta a gida. An share, an yayyafa ruwa, tukwane da ƙorai a kife a jere, babu ƙuda ko ɗaya.

Rahama ta fito idanu jajur, siririya mai tabarau, hannuwa sumul kamar ba su san tsintsiya ba. Ta kama hannun Tani ta ce ita ba ta yarda Salisu ne ba. Ta ce duk cikin masu zuwa kallo babu wanda ya fahimci tablon kamarsa, shi ya fara gane cewa hantsi ne ba yamma ba.

Tani ta ce, "Haka ne," ta zare hannunta. Idonta ya sauka kan takalman da ke ƙofar ɗaki. Na Rahama masu tsini ne, ƙanana, ko kusa ba su kai sawun ba. Ta ji haushin hakan, ta kuma ji kunyar jin haushin.

Ga silifan Zuwaira a gefe, ɗaya da ƙusa. Amma wannan ba hujja ba ce. Wanda ke ƙafar Tani ma da ƙusa yake, haka na rabin matan Damagaram.

Ta tambayi ko ƙwaryar ta gaske tana nan. Zuwaira ta shiga ta ɗauko ta da hannu biyu. Tsohuwar ƙwarya ce da ta yi ja don shekaru, da ɗinki a gefe, cikinta fes. Rahama ta ce a nan Inna ke shan fura har ta rasu bara. Zuwaira ta ce shekara bakwai tana jinyar Inna, tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, ita kuwa Rahama tana Yamai.

"Ba ta taɓa yini da sauran fura a cikinta ba," in ji Zuwaira. "Tana sauke ta daga baki nake karɓa in wanke."

Ba wanda ya tambaye ta wannan. Rahama ba ta ma ji ba, tana goge tabarau.

Tani ta yi sallama. Zuwaira ta rako ta har ƙofar gida. A nan, gindin bango, inda rariyar gidan ke zubar da ruwa waje, Tani ta tsaya kamar za ta gyara goyo. Ƙasar a jiƙe take sharkaf, ruwa mai yawa aka zubar, a watan da ake bin masu ga-ruwa da roƙo. Toka ta kwanta a bakin rariyar, irin wadda ake cuɗa kwano da ita. A gefen tokar kuma rairayi ya kama launi, rawaya a nan, shuɗi a can.

Ta ɗago, suka haɗa ido. Tani ta yi ƙasa da murya ta ce mata za a kai mijinta komisariya da magariba, kuma yau an kira 'yarta da sunan da ba nata ba. Ta ce in Yaya ta fito da zanen da kanta ta kai, ita Tani bakinta a rufe, za ta ce sawu ya ɓace mata a kwalta.

Zuwaira ta dubi rariyar ta dubi yarinyar da ta goge wa gumi. Ta ce ba ta san abin da ake magana ba. Ta juya ta shige.

Tani ta daɗe a tsaye. Da za a tambaye ta wadda ta fi so a cikin matan gidan nan biyu, ba sai ta yi tunani ba. Ta tari ɗan kabu-kabu ta koma Zango kiran Mushe.

* * *

Bayan la'asar aka hallara a tsakar gidan su Zuwaira: Mushe Idirisu, Salisu, Abdul'aziz da fenti a hannu, da 'yan'uwan biyu. 'Yan kallo suka cika lungu har bakin zaure.

Tani ba ta ja zance ba. Ta ce ba Abdul'aziz ba ne, don wanda ya ɗauki zanen bai san daga nesa ake kallonsa ba, shi kuwa ya sani har abin yana hana shi barci. Ba mijinta ba ne, don shi kullum a bakin ƙofa yake tsayawa. Wadda ta ɗauka ba ta taɓa zuwa ba sai yau, ta zaɓi lokacin da ba kowa, ta je ta kafa hanci a jikinsa. Abin da ta gani a nan shi ya sa ta ɗauke shi. Sai ta roƙi Mushe ya fita ya dubi bakin rariya.

Ya fita ya dawo, ɗan yatsansa da shuɗi. Rahama ta dubi yatsan, ta dubi yayarta.

"Yaya?"

Zuwaira ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da tablon a naɗe cikin zane, ta jingina a bango ta yaye. Gefen hagu ya tafi. Inda taga take da rabin tabarma, babu komai sai farin ƙyalle da ya sha cuɗa. Ƙwaryar kanta an taɓa bakinta kaɗan aka tsaya.

Zuwaira ta soma magana. Ta ce kwana shida mata na shigowa gidan nan suna yi wa Rahama barka, ita kuma suna karɓar ruwa a hannunta ba sa ko kallonta. Ƙwaryar Inna, ƙwaryar Inna. Wadda ba ta taɓa wanke ta ko sau ɗaya ba ita ce ta zama mai ƙwarya. Jiya wata ta ce har sauran fura ake gani a ciki. Shi ne ta je ta gani da idonta.

"Na je na tarar da dauɗa," in ji ta. "Kore a baki kamar gansakuka, toka-toka a ciki kamar ta kwana uku. An rataye a gaban duk Damagaram, a ce haka na bar uwata tana sha. Ban yi niyyar ɓata shi ba. Wanke ta zan yi in mayar."

Abdul'aziz ya rufe fuska da hula, ba a san dariya yake ko me ba.

Rahama ta tsuguna gaban zanen tana kuka. Ta ce ba dauɗa ba ce, haske ne. Ranar ƙarshe da Inna ta iya riƙe ludayi da kanta ce, lokacin ita Rahama ta zo hutu, ta ajiye ƙwaryar, Yaya ta tafi ɗebo ruwan wankewa. Wannan ɗan tsakanin ta zana.

"To ina ni a ciki?" in ji Zuwaira.

Rahama ta mayar da idonta kan zanen.

Zuwaira ta ja da baya za ta bar wurin, har ta kai ƙofar madafa, sai ta waiwaya. Ta tsaya cak. Tani da ke kusa da ita ta bi idonta, kuma a nan ita ma ta fara ganinsa. Daga can ƙwaryar ta tashi ta zauna, ja, mai ɗumi, ɗinkin nan a gefe. Sauran furar na sheƙi, ba ta bushe ba, yanzu aka ajiye. Ludayin kamar bai gama tsayawa ba. Tani ta so ta ga aibu ta rasa. Zuwaira ta sulale ta zauna a dokin ƙofa, ta ce a hankali ai furar ma tata ce, ita ke dama ta da kauri haka. Ba wadda ta matsa kusa da 'yar'uwarta.

Mushe Idirisu ya yi gyaran murya. Ya ce tunda abu na cikin gida ne, a rufa wa juna asiri, magana ta mutu a nan. Salisu ya koma bakin aikinsa gobe, a kuma sayi sabon kwaɗo. Salisu ya soma godiya har da rusunawa, Mushe ya nufi ƙofa.

Tani ta riga shi ta tsaya a bakin zaure. Ta ce ita ba ta neman a ambaci sunan kowa a waje, abin da ya faru a gidan nan na masu gidan ne. Amma a gaban jama'a aka ce mijinta ɓarawo ne, ba a cikin gida ba.

Salisu ya ce ta bari mana, ai ya wuce. Ba ta ko dube shi ba.

Mushe ya ga ba hanya, ya fita lungu ya ce da mutane an samu tablo, kuma Salisu ba shi da hannu. Aka yi ta Allah ya kyauta, taro ya soma watsewa.

"Mun gode, Mushe," in ji Tani. Ta gyara majanyi, ta tallafo Ramatu da ta sake yin barci. "Saura Zango. Can aka fara faɗa, kuma mutanen can sun fi yawa."

Mushe ya dubi rana, ya dubi matar, ya ce ai an kusa kiran magariba.

Ta ce hakan ma ya fi, kowa zai fito masallaci. Ta sa shi a gaba, Salisu na biye.